Muryar Da Na Ba Kwamfuta

A ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja kyauta, ni ne mai yi wa kowa faɗa kan tura aiki ba dubawa. Muna tara muryoyi don kwamfuta ta iya jin Katsinanci, sai na ɗora tawa ban ko saurara ba, ai ni gwani ne. Ashe wadda na ɗauka ce ina gwajin lallashin matata da ta yi yaji, har da shessheƙa.

Wani ɗan Sabuwa ya rubuce ta tsaf, ya ce, "Malam, kukan bai fito ba, a sake ɗauka."

Har yau in na yi sallama a kasuwar Ƙanƙara, sai a amsa mini da, "Haba Hajiyata, na tuba!"