Rasuwar Bushiya, Wadda Ba Ta Taɓa Ganin Rana Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, Malamin Bita na makarantar koyon sana'a da ke bayan tashar mota, a madadin 'yarsa Auta da sauran ɗaliban ƙungiyar ƙere-ƙere, yana sanar da rasuwar Bushiya, mutum-mutumi mai taya huɗu da hannu ɗaya. Ta rasu ranar Asabar ɗin da ta wuce, a babban zauren gasar makarantu, a gaban alƙalai da iyaye da mai sayar da ruwan sanyi. Ba ta cika shekara a duniya ba. Ba ta yi doguwar jinya ba. Daga kan teburi ta faɗo.

Wanda bai san marigayiya ba kada ya ji kunya. Ba wanda ya san ta. Haka aka tsara.

An haife ta a ɗakin bita, wato ɗakin ƙere-ƙere na ƙarshen baranda, a hannun Auta da abokan karatunta biyu, Dogo da Mai Tabarau. Wayoyi ne suka yi mata cirko-cirko a gadon baya, daga nan ta samu suna. Abin da gasar ke nema ba mai yawa ba ne: ta bi baƙin layi a kan farin teburi, ta ɗauko gwangwani, ta saka a kwando. Bin layi kuwa ko tinkiya ta iya. Wajen ɗaukar gwangwanin ne ake jin kunya, domin hannayen ƙarfe ko su matse shi ya lotse, ko su sake shi ya gangara. Auta ta warware wannan da haƙarƙarin wata tsohuwar lema, lemar mahaifiyarta, wadda ta tafi shekarun baya ta bar lemar a bayan ƙofa kamar za ta dawo kafin ruwa ya sauko. Hannun yakan buɗe a hankali, ya rungumi gwangwani kamar mai ɗaukar ƙwai, ya ce ƙyas.

Ranar da Malamin ya fara jin wannan ƙyas ɗin, bai ce sannu ba, bai ce madalla ba. Fita ya yi ya sayo kwaɗon kulle ƙofa.

A yi masa adalci. Mutum ne da ya karanta tarihin masu ƙirƙira fiye da yadda ya dace da lafiyar ɗan Adam, kuma a duk inda ya buɗe labarin ɗaya ne: wani ya ƙera, wani ya leƙa, mai leƙen ya shiga littafi. Don haka aka lilliƙe tagogin bita da tsofaffin jaridu da takardun buhun siminti. Aka bar ƙwan lantarki guda ɗaya. Aka ajiye bokiti a bakin ƙofa, kowa ya jefa wayarsa kafin ya shiga. In za a matsar da marigayiya daga wannan teburi zuwa wancan, sai an lulluɓe ta da bargo, saboda ramin makulli.

A wannan ɗaki ta yi rayuwarta, kuma shaidu uku sun tabbatar rayuwa ce mai kyau. Ba ta da gardama. In an kunna ta takan ce tsiii-tsiii sau biyu, kamar mai neman izini, sannan ta kama hanya. Ba ta taɓa kauce wa layi ba, ba ta taɓa yar da gwangwani ba. Ƙananan idanunta biyu, waɗanda ke ƙarƙashin cikinta suna rarrabe fari da baƙi, ba su taɓa yaudararta ba. Batir kaɗan ya ishe ta. Ba ta da ƙawaye.

Wajibi ne a nan a ambaci wani mutum, ko da yake ba a so. Tsohon ɗalibin Malamin ne, yanzu shi ma yana koyarwa a makarantar da ke tsallaken layin dogo, kuma a gidan Malamin Mai Shela ake ce masa. Shi a tsakar fili yake ƙira, yaran unguwa na tsaye a kansa. Ya buɗe wani zaure a waya na duk makarantun da za su shiga gasar, da sharaɗi guda: mai son shiga ya fara saka hoton abin da yake ƙerawa. Abin da ya lalace maka ka faɗa, abin da ya gyaru ka faɗa. Auta ta kawo maganar wata safiya, suna karyawa.

"Baba, mu shiga mana. Ko tayoyinta kawai mu nuna musu."

"Yau taya, gobe hannu. Wanda ya ba ɓarawo hoton ƙofarsa ai ya gama ba shi makulli."

"Ba ɓarayi ba ne fa, Baba, yara ne kamarmu."

"Su ma ɓarayin da yarinta suka fara. Sha shayinki."

Ta sha shayinta. Yarinya ce mai biyayya, kuma wannan na cikin abubuwan da suka yi ajalin marigayiya.

Ranar gasa aka shigo da ita cikin bargonta. Abin da Malamin ya fara lura da shi, duk sauran mutum-mutumin, daga na Mai Shela har na makarantun da ba a taɓa jin sunansu ba, kowanne an zagaye ƙasansa da baƙar robar cikin tayar keke, kamar an sa masa siket. Ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya ce wa Dogo ya dubi inda kwaikwayo ke kai mutane, ɗaya ya yi shirme saura sun bi sahu. Dogo ya taya shi dariya saboda ladabi. Auta ba ta yi ba. Ta dubi siket ɗin, ta ɗaga kai ta dubi dogayen tagogin zauren, gilashi tun daga ƙasa har rufi, ta ce, "Baba..." Sai aka busa usur.

Marigayiya ta ce tsiii-tsiii, ta kama layi da natsuwarta ta kullum. Ta sha kwanar farko yadda ba wanda ya sha ta a ranar. Sannan ta iso inda rana ta shimfiɗa haskenta a kan teburin. Ta tsaya. Jikinta ya ɗauki rawa. Wannan haske ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma ba wanda ya taɓa ba ta labarinsa. Fari da baƙi suka zame mata abu ɗaya. Ta juya dama, girr, ta juya hagu, girr, ta zagaya kanta kamar mai neman ɗanta a kasuwa, sannan ta miƙe da iyakar gudunta zuwa gefen teburi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙwaram.

Gwangwanin na nan tsaye inda aka ajiye shi. Hannun kuwa yana naɗe a ƙirjinta. Bai buɗe ba ko sau ɗaya.

Rana ba ta ƙarya, in ji masu magana, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Da yake uwar ɗiya ba ta nan, uban ne ya karɓa.

Mai Shela ne ya fara zuwa ta'aziyya, kuma abin takaicin, da gaske yake yi. Ya durƙusa yana tsince kusoshi yana cewa ai an daɗe da yin maganar hasken nan a zauren waya, wata yarinya ce nata mutum-mutumin ya makance a tsakar gida, ta faɗa, wani ya kawo dabarar robar, kowa ya ɗauka. Sai idonsa ya faɗa kan haƙarƙarin lemar.

"Ƙanwata, wannan kuma mene ne?"

Auta ta ja bargo ta rufe. "Ba komai," ta ce.

Tarbiyya ta yi kyau. Malamin ya ji kalmar ta shige shi kamar ƙusa.

Marigayiya ta rasu ta bar batir biyu, da caja, da safayar taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar Dogo da Mai Tabarau, waɗanda suka shiga zauren Mai Shela tun kafin a kai gawa gida. Ta bar kwaɗon, wanda ke cikin ƙoshin lafiya, kuma ya yi aikinsa ba kuskure. Ta bar Auta, wadda tun tana rarrafe take kwance rediyon gidan, yanzu kuwa ta tattara kayan aikinta a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Mai Shela ya aiko cewa akwai gurbinta a bitarsa lokacin hutu. Ta ce a gode masa, ta gama da ƙarfe. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Tana gaida mahaifinta safe da yamma, gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa maƙwabci.

Ta kuma bar Malamin, wanda tun ranar bai zauna a kujera ta yi ɗumi ba. Daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa bita, ya buɗe kwaɗo, ya rufe, ya dawo ya duba ko ya rufe. Ya tuhumi wanda ya gina zauren da gilashi kamar kantin sayar da takalma. Ya tuhumi alƙalan da suka sa gasa da tsakar rana. Ya ɗauko littattafansa, ya tarar ba su canza magana ba, shi ma bai canza ba: duniya cike take da ɓarayi, kuma ba zai janye wannan ba. Abin da ke tayar da shi tsaye dai shi ne, ya duba ko'ina, ba a sace masa komai ba, kuma ba abin da ya rage.

Ga yadda aka tsara sallama da marigayiya.

Za a fito da ita ranar Asabar mai zuwa, da tsakar rana, a kan teburi a ƙofar bita, ba bargo. An riga an ɓamɓare jaridun tagogi. Wanda ya ga farcen Malamin kada ya yi tambaya. An mayar wa mai shara bokitinsa, saboda haka kowa ya shigo da wayarsa, ya ɗauki hoto ta inda ya ga dama. Ana gayyatar dukkan makarantun gasar, har da yarinyar da nata ya makance a tsakar gida. Ana gayyatar Mai Shela da ɗalibansa, da roƙon ya rage murmushi gwargwadon iko. Ba za a binne komai ba. Za a kwance ta gaɓa-gaɓa a gaban jama'a, mai buƙatar taya ya ɗauka, mai buƙatar ido ya ɗauka, ya dai yi masa siket.

Hannun ne za a buɗe a ƙarshe, mai son zana shi ya zana. Sai dai a nan akwai matsala. Yana da yadda ake kwance shi. Malamin ya gwada, ya datse masa yatsa. Mutum ɗaya ne ya san kansa. An sanar da ita daga bakin ƙofar ɗakinta, ta ce, "Gawarku ce, Baba." In ba ta zo ba, jama'a su yi haƙuri, za a yi ta jira a rana.

A ƙarshe, akwai wata sukudireba mai jan mariƙi, wadda Malamin ya ajiye kusa da kofin shayin Auta tun farkon mako, aka yi ta share teburi ana zagaye ta. Yau da safe ba a gan ta ba. Ana roƙon wanda ya ɗauka ya taho da ita ranar Asabar. Ba a zargin kowa. Mutum biyu ne dai a gidan.