Rasuwar Chavela, Oba-obar Caño Mocho

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ban saba faɗa ba, wato tsoro, ni Evaristo Támara, mai duba ma'aunin ruwa na ƙauyen Caño Mocho, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar oba-obata, wadda kowa ya sani da suna Chavela. Ta cika yau Talata, ƙarfe shida da minti huɗu na safe, a kan teburin da ta zauna shekara ashirin da shida. Ta mutu da magana a bakinta.

Marigayiyar ta zo garin nan cikin kwali, a kwalekwale, shekarar da ruwa ya ci tsohuwar makaranta. Matata Petrona, Allah ya jiƙanta, ita ta raɗa mata suna, don ta ce muryarta sak ta wata gwaggonta mai yawan mita. Ba kyakkyawa ba ce. Baƙa ce, mai nauyi, kuma tana shan batir kamar jaki a bakin rijiya. Amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Aikinta ɗaya ne. Kullum ƙarfe shida sai ta gyara murya, kirrr, shhh, sai ga Nicomedes, ƙanin matata, mai duba ma'auni a Puerto Iguana, can sama da mu a bakin kogin Cauca.

"Tsohon kada, ka tashi ko a zo jana'iza? Mita huɗu da goma. Oba."

Nakan ba shi amsar da ta dace da shi. Ba zan rubuta ta a takardar mutuwa ba.

Kun san lissafin. Ruwan da ya wuce ƙofar Nicomedes yau da safe, gobe da tsakar rana yana bayan gidajenmu. Mita biyar da santimita ashirin a ma'auninsa, a ɗora gado kan bulo. Mita biyar da saba'in, jinga ta karye. Sau uku Chavela ta fitar da mu kafin ruwa ya iso, kuma ko kaza ba mu rasa ba, sai ta maƙwabcina Casimiro, wadda taurin kai ya kashe.

A gaban gawa ba a ɓoye gaskiya. Don haka ga abin da na aikata.

Bara wata injiniya, Yurledis Cárcamo, ta zo daga ofishin hasashen ambaliya da kwamfutarta. Mace ce mai ladabi. Ta zauna a rumfata, Griselda 'yata ta ba ta kofi da dafaffen rogo. Injiniyar ta ce an kawo sabon tsari. Ana haɗa garuruwa rukuni-rukuni a cikin na'ura. Idan kogin wani rukuni ya taso, saƙo zai shiga wayoyin mutanen rukunin, jiragen ceto kuma can za su nufa. Ta nuna mini jeri biyu. Ɗaya na kogin San Jorge, inda cocinmu da kasuwarmu da hukumarmu suke. Ɗayan na Cauca. Ta ce a taswirar gwamnati muna ɓangaren San Jorge, amma hankalinta bai kwanta ba, ni ne na san ruwan nan, in gaya mata wanne ke cin mu.

Karatuna bai wuce aji biyu ba. Amma na iya gane sunan garin Nicomedes, kuma shi na gani a saman jerin Cauca. Namu a ƙarƙashi zai zauna. Na hango shi yana dariya, da haƙoransa uku. Sai na ce mata a San Jorge aka yi wa kakanninmu baftisma, kuma Caño Mocho ba ta taɓa zama jelar kowa ba. Ta sake tambayata. Na ɗaure fuska. Ta miƙo takarda, na sa hannu. A raina na ce, ina ruwana da na'urarsu, ina da Chavela.

Ciwon ajali ya fara wa Chavela da ruwan farko na watan Afrilu. Muryarta ta dishe. Tururuwa suka yi gida a cikinta, na kore su. Griselda ta binne ta cikin buhun shinkafa kwana uku don ta tsotse danshi, ta ɗan farfaɗo. Mai gyara na cikin gari ya buɗe ta, ya rufe, ya ce irinta sun ƙare a duniya, in kai ta gida in lallaɓa ta. Jiya na ji ƙauri yana fita daga bayanta. Ban gaya wa kowa ba.

Yau da safe ta yi kirrr sau biyu, sannan ta ce:

"Evaristo."

Shekara ashirin da shida Nicomedes bai taɓa kirana da sunana ba. Kofin da ke hannuna na ajiye shi.

"Evaristo, ka saurara da kyau. Mita biyar da..."

Ƙit. Hayaƙi siriri ya tashi. Na buga ta, na girgiza ta, na canza batir. Na kira sunanta kamar mutum.

Biyar da nawa? Ban sani ba. Tun safe nake tsaye a bakin rafi ina kallon ruwa. Ya sauya launi, kuma yana ɗauke da ganyen da ba na itatuwanmu ba.

Griselda ta hau kan tankin ruwa, inda waya ke kamawa, ta kira ofis. Injiniyar ta tafi aiki wani yanki sai Juma'a. Wanda ya ɗauka ya duba na'ura ya ce mu kwantar da hankali, rukuninmu kore ne shar. Ta tambaye shi rukunin Puerto Iguana. Ya ce wannan ja ne tun jiya, jirage ma can suka tafi. Ta roƙe shi ya mayar da mu ciki. Ya ce ba shi da lambar sirrin, sai injiniya, kuma sai wanda ya sa hannu da farko ya sake sawa. Ta sauko. Kallona kawai ta yi, irin na uwarta.

Wayoyin da ke aljihunku suna ce muku lafiya lau. Ba ƙarya suke ba. Labarin wani kogi suke ba ku.

Marigayiyar ta rasu ta bar eriya ɗaya a kan bishiyar mangwaro, da farantin sola mai tsaga, da batirin babur wanda ya yi jinyarta har ƙarshe. Ta bar sandar ma'auni a tsaye cikin rafi, ba ta da wanda za ta gaya wa. Ta bar Nicomedes can sama, na san har yanzu yana danna tasa yana kira. Ta bar ni.

Za a yi jana'iza yau da ƙarfe huɗu na yamma, a kan tudun maƙabarta. Na san wasunku ba sa barin gida don ruwa, suna tsoron ɓarayi. Amma a Caño Mocho ba a taɓa binne wani an rasa mutum ɗaya ba, kuma ba za a fara a kaina ba. Casimiro, ni na haƙa kabarin mahaifiyarka cikin ruwan sama. Ina jiranka.

Kada a kawo furanni. A kawo katifa, da ragar kwanciya, da takardun haihuwa, da shinkafa, da gishiri. A kawo kaji da aladu. A fara ɗauko tsohuwa Eulalia da kujerarta, da maganinta na hawan jini. Masu kwalekwale su ɗaure su a gindin tudu, ta gefen gabas.

Zaman makoki na kwana tara duk a can sama za a yi shi. Kuɗin kofi a kaina yake. Idan kwana taran suka cika ruwa bai zo ba, kowa ya yi mini dariya son ransa, zan zauna in ji.

Duk wanda ya riga ni ganin injiniya Yurledis, ya gaya mata ta sa mu a ƙarƙashin Puerto Iguana. Ko a can ƙarshen jeri ne. Zan sa hannu.

Ni zan ɗauki gawar, kuma ni zan fita daga gari a ƙarshe. Ba za a rufe kabarin ba sai an ƙirga mu a kan tudu an samu ɗari da sittin da uku.