Sarkin Kujeru da Furen da Ya Ƙi Zama

Idan ana maganar sanin wurin zaman kowa, to a miƙe tsaye a gaida Sarkin Kujeru. Shekara goma sha tara yana tsara taro a ma'aikatarmu, bai taɓa ɗora ƙaramin ma'aikaci a layin gaba ba, ko da kuskure. Kallo ɗaya zai yi wa takalminka ya san layinka. Mu 'yan baya mun kalli ƙeyar manya har mun haddace ta.

Kujera ɗaya ce ta gagare shi, ta mataimakin darakta, wadda ta yi wata huɗu ba kowa a kai. Da ya ji ƙishin-ƙishin cewa sabon Darakta yana kiwon kifin teku a gidansa, sai ga gwanin namu da ƙaramin tankin gilashi a ofis. Ya zuba ruwan gishiri, ya jera duwatsun murjani, ya sa famfon motsa ruwa da shuɗiyar fitila da kifaye biyu masu ruwan lemo. Saura furen teku, wanda masu sana'ar ke kira animoni. Fure ne a ido, amma dabba ne, ga baki a tsakiya, ga yatsu kewaye suna rausaya.

A shago, mai sayar da kifin ya so ya yi masa bayani. "Yallaɓai, wannan mai kumburarrun yatsun irin mai yawo ne. In haske ko ƙarfin ruwa bai yi masa ba, sai ya saki dutse ya canza wuri."

"Malam, tsaya a matsayinka," in ji Sarkin Kujeru. "Na karanta shafi uku cur a kan halittar nan. Dubi launinsa! Wannan irin mai zama ne, mai natsuwa, ɗan babban gida. Ko da mai yawon ne ma, ni na zaunar da mutum ɗari biyar a zaure ɗaya ba wanda ya motsa."

Ya sa safar hannu ya ɗora furen a kan dutse mafi tsayi, daidai kujerar baƙi. Washegari ɗan babban gida ya sauko ƙasa. Ya mayar da shi, furen ya koma gefe. Ya karkata famfo, furen ya shige lungu. Ya matso da fitila, furen ya bi gilashi ya hau can sama. Wallahi da kunnena na ji shi ta bayan ƙofa yana yi masa faɗa: "Nan na ce, nan! Kai wa ya ba ka izinin tashi?"

Ana gobe Darakta zai zo zagaye, furen ya tare a bayan dutse yana fuskantar bango. Da wani ne da ya karaya. Ban da Sarkin Kujeru. Ya tara mu ya ce, "Kun gani? Ya zaɓi wurin sirri. Ba kowane ido yake so ba." Ya sa aka janye tankin daga bango, aka cusa kujerar Darakta a ɗan tsukin da ya samu. Mu kuwa aka jera mu ta ɗaya gefen, inda ba komai sai dutse. Kafin a tashi aiki ya ƙure famfo, ya ƙara fitila don furen ya yi sheƙi, sannan ya lulluɓe tankin da farin ƙyalle kamar za a buɗe sabon gini.

Darakta mutum ne mai jiki. Da ƙyar ya kutsa tsukin nan, gwiwa na gogar gilashi, kafaɗa na share farar ƙasar bango. Sarkin Kujeru ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, shugabanci shi ne sanin inda kowace halitta ta dace ta zauna. Abin da za ka gani yanzu, daga wannan kujera kaɗai ake ganinsa."

Ya fizge ƙyalle. Darakta ya zuba wa dutse ido, dutse tsirara. Mu kuwa, tabarakallah! Ga fure a gabanmu ya buɗe tar, kifayen nan biyu suna birgima a cikin yatsunsa. Iya mai shara, dattijuwar da aka ajiye a ƙarshen layi, ta kasa daurewa. "Kai, amma abin nan da kyau yake!"

Darakta ya zare jikinsa, ya zagayo ya tsaya a cikinmu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai mai yawo ne. Sau nawa aka taɓa shi?"

"Kullum, Yallaɓai," in ji Iya. "Wani lokaci har sau biyu. Ni tausayinsa nake ji."

Sarkin Kujeru ya buɗe baki daga can tsukin, ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya yana nan." Ba wanda ya waiwayo.

Kujerar mataimaki ta tafi hannun wani. Shi kuma aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, inda kujera ɗaya ce tal. Tankin ya zauna a ofishinmu. Yau wata uku ke nan da tafiyarsa, kuma furen bai ƙara matsawa daga inda yake ba.