Gashin Bakin Alhaji Ɗanliti

Wani mutum ne a layinmu, Alhaji Ɗanliti dillalin babura. Sau ɗaya ya taɓa zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Cana, shi ma surukinsa ya raka yana riƙe masa jaka. Tun da ya dawo muka shiga uku. Ko kunu ka dama, sai ya ce a Gwanzu ba haka ake damawa ba. Da abu biyu yake taƙama a duniya: tafiyar nan, da gashin bakinsa, baƙi wuluk, murɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Kafin ya wanke ido ya shafa masa man zaitun.

Ni kuwa, an ce yabon kai jahilci, amma kaf garin nan ba mai hannuna a zubin rezin. Ruwan roba ne, ka zuba a mazubi ya daskare, ya fito ɗan doki ko ɗan raƙumi na maƙala makulli. Raƙumina in ka ajiye shi kusa da ƙaya, sai ka dinga leƙawa kada ya ci. Amma kullum Alhaji yana kan bencina, yana shan shayina, yana cewa, "Haladu, wasan yara kake yi."

Ana nan sai dillalai suka ce za su naɗa shi Sarkinsu. Ya zo ya ce yana son in zuba masa ƙananan kawunansa na rezin na rabo ga baƙi, da babba guda na ɗorawa a tebur, gashin baki ya fito sosai.

"Kawo hoto in sassaƙa, ranka ya daɗe."

"Hoto? A Cana fuskar ake ɗauka da kanta. Dama filasta, farin garin nan naka na yin mazubi, ka ga aiki."

Ya miƙe a benci, ya cusa tsinken shan lemo a kowace kafar hanci. Na ɗauko gwangwanin basilin, don duk mai zubi ya san ba a ɗora filasta kan gashi sai an mulke shi da mai.

"Alhaji, ba ka fara shafa..."

"Haladu, kai ka je Cana ko ni?"

"Kai ne."

"To rufe baki ka buɗe ido."

Na rufe baki. Na rufe gwangwani. Yanzu kuma ni ake kira mugu a gari. Babba ya ce ka yi shiru, sai ka yi masa gardama? Ni ba haka aka raine ni ba.

Ya damƙo filasta ya laɓta wa fuskarsa, laɓ, laɓ. Jim kaɗan abu ya ɗau zafi, ya kama ƙam. Ya ja, shiru. Ya girgiza, shiru. Ya shiga harba ƙafa kamar akuya a hannun mahauci.

"Alhaji, a Gwanzu ta wane gefe ake cirewa?"

"Mmm. Mmmm."

"Ka yi haƙuri, ban iya yarensu ba."

Sai ya sa hannu biyu ya fizge. Ɓaraat! Leɓen sama fes, jajir, kamar an fige kaza. Gashin kuwa yana can cikin mazubi, ko sili bai rage ba.

Ranar naɗi Alhaji ya ja amawalin rawani har ƙarƙashin ido. Jama'a suna ta cewa ai Sarki ya iya sarauta tun ba a je ko'ina ba. Ni kuma na kawo aikin da aka ba ni. Da na zuba rezin a mazubin, gashin ya taso tare da shi ya zauna daram a inda Allah ya halicce shi. Kayan mutum amana ne, ina ni ina zubarwa? Na ɗora kan a tebur, na shafa masa man zaitun, na murɗe.

Aka kawo shinkafa, Sarki ya daure. Aka kawo kaji, ya haɗiyi yawu ya daure. Sai ga farfesun kan rago yana tururi. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sauke amawali.

Kowa ya tsayar da loma. Mai kalangu ma sandarsa ta tsaya a sama.

Baba Na'iya, dattijon dillalai wanda ya naɗa rawanin da hannunsa, ya gyara tabarau. Ya dubi tebur, ya dubi mai farfesu, ya sake duban tebur.

"Ga Ɗanliti can na gane shi," in ji shi. "Wannan kuma da na naɗa wa rawani, ɗan gidan waye?"