Ranar da Iya Abu Ta Sauko da Ni Daga Dala

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kai ni ƙolin Dala ba, ƙafafuna kuma suka ce su ba a yi shawara da su ba.

Ni ɗan boko ne, cikin 'yan tsirarun da aka tura makarantar da Turawa suka buɗe a bayan ganuwa. Muna da wani malami Bature da muke kira Mai Lofe, don ko karatu yake biya mana lofen nan yana bakinsa. Mutumin kirki ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano, sai dai yana da wata lalura: hawan dutse. Ba farauta yake ba, ba magani yake nema ba, ba tunkiyarsa ce ta ɓata ba. Haka kawai zai hau, ya riƙe ƙugu ya ƙare wa duniya kallo, ya sauko. Wai shi hutu ke nan. (Mu dai a wajenmu hutu tabarma ce da inuwa, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.)

Ana gab da ba mu hutu ya shigo aji ya ce zai tafi duwatsun ƙasar Bauci, kuma zai ɗauki mutum ɗaya cikinmu ya raka shi. A jirgin ƙasa! Abin da muke zuwa tasha mu tsaya daga nesa muna kallo baki buɗe. Amma ya ce sai ya gwada ƙafarmu tukuna.

"Ku zaɓa mana dutse nan kusa, mai kyan kallo. Wanda ya fi iya hawa, da shi zan tafi."

Aji ya kaure. Wannan ya ce Magwan, wancan ya ce Fanisau. Ɗanladi ɗan unguwar Jakara, wanda ni da shi ba ma ga maciji, ya miƙe ya ce Goron Dutse, wai daga can ana hango gonaki har iya ganin ido. Na ga Mai Lofe ya fara gyaɗa kai. Kai, ina! Na yi zumbur na tashi.

"Ranka ya daɗe, ana maganar dutse a Kano wa yake tsallake Dala? Daga kansa za ka ga kasuwar Kurmi, ka ga kududdufai, ka ga ganuwa ta zagaye birni kamar zobe. A gindinsa aka yanke mini cibiya. Hawansa nake kamar ɗan akuya."

"Madalla, ɗan Dala," in ji shi. "Kai ne jagora."

To, tsakanina da ku: ban taɓa hawa ba. Ko sau ɗaya. Tun ina ƙarami kakata Iya Abu ta gaya mini cewa mutanen ɓoye ne a can sama tun zamanin Tsumburbura, kuma duk yaron da ya hau sai su murɗe masa wuya, fuskarsa ta koma kallon baya. Ban da wannan, ni ko kan soron gidanmu aka ce in hau shanyar kuɓewa sai ciwon ciki ya taso mini.

Dabarata ita ce mu je da sassafe, shiru-shiru, in cije in hau, in ma rawar jikin ce ba mai gani. Abin da na manta shi ne al'adar unguwarmu. A wajenmu ko dabino mutum zai hau, ko yaɓen soro, sai ya ɗaga murya ya ce, "A kimtsa, za a hau sama!" don matan da ke tsakar gida su rufa. To ina ga Bature da garken samari za su hau Dala, inda ake leƙa tukunyar kowa? Mai unguwa na jin labari ya sa mai shela ya bi lungu-lungu yana sanarwa.

Jama'a, da muka iso, na ɗauka sallah ake. Marina sun baro karofi hannu shuɗi, dukawa sun ajiye fata, maƙera sun kashe wuta. Wasu na cewa Bature zai auna birni ne, wasu na cewa zai je gaisawa da mutanen ɓoye. Wani maƙeri ya hango ni a gaba ya ce, "Af, jikan Iya Abu ne jagora? Allah Ya maido mana da kai fuska tana gaba!"

Na yi kamar ban ji ba.

Hawan dai na yi shi, ban san yadda aka yi ba. Ni jagoran na koma baya, idona a kan dugadugan takalmin Mai Lofe, layata a dunƙule cikin hannu. Babu addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa da ta cin abinci. Tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin ƙafata, kowace na ji tana gangarawa sai in ce saura ni. Da muka kai sama, wurin shimfiɗe kamar faifai, har na fara jin kaina. Na gyara hula. Na fara hango kaina a tagar jirgi ina ɗaga wa Ɗanladi hannu.

Sai Mai Lofe ya tsaya a bakin gaɓa ya yafito ni. "Ɗan Dala, zo ka nuna mini gidanku."

Na je. Na leƙa.

Innalillahi! Gidaje kamar an kife ƙore, mutane kamar tururuwa, ga shaho yana shawagi a ƙasa da ni. Shaho fa, a ƙasa da ni! Iska ta cika mini riga tana ja. Ina cikin wannan hali sai na ji wani abu mai sanyi yana tafiya a bayan wuyana, a hankali.

"Wayyo Allah, sun kama ni! Wuyana! Ku riƙe mini kaina kada ya juya!"

Na zube rub da ciki na rungume ƙasa. (Daga baya na ji ashe Ɗanladi ne da zangarniyar ciyawa. Allah Ya isa ban yafe ba.) Ihun nan kuwa har ƙasa aka ji shi.

Aka yi lallashi, aka yi dariya, aka koma lallashi. Mai Lofe ya tsuguna ya ce, "Tashi mana, babu komai." Na ce, "Ranka ya daɗe, ku tafi kawai, a riƙa aiko mini da tuwo." Rana ta ɗaga, dutse ya fara gasa mini ciki, amma ko yatsa na ƙi ɗagawa. A raina na riga na gama: nan zan tsufa.

Can sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Da muryar da na fi sani a duniya.

"Ina mai gidan nawa? Ina angon da ya ce shi ɗan akuya ne?"

Iya Abu! Tsohuwar da sai an miƙa mata buta, ita ce ta hawo Dala, ko haki ba ta yi sosai. Ta dubi Bature ta ce, "Sannu, Nasara. Kai ma ba ka da aikin yi ne?" Sannan ta dungure mini kai.

"Iya, mutanen ɓoye..."

"Mutanen gidanku! Babu kowa a nan sai ƙadangaru. Tun ina budurwa nake hawowa ɗibar jar ƙasa. Kana rarrafe ka fiye hawe-hawe, shi ya sa na ƙirƙiro maka su. Ina na san za ka girma da su har ka yi gemu?"

Ta kwance kallabinta ta ɗaure mini ido tam, ta miƙo mini bakin sandarta. "Riƙe. Abin da ido bai gani ba, gwiwa ba ta tsoronsa."

Haka muka sauko, tana gaba tana ja, ina baya ina laluben ƙasa, kallabi na warin daddawa. Ban ga taron ba, amma na ji shi. Mata na guɗa ta saman katanga. Maƙerin nan ya ce, "A ba su hanya, amarya ta ɗauko angonta!" Wani ya ce a duba ko fuskar tana gaba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na gode mata.

Ɗanladi ne ya shiga jirgi. Na yi kwana da kwanaki ina cizon yatsa, har ranar da ya dawo ƙafafu a kumbure kamar rogo, ya rame, ya ce wallahi in aka kwatanta da duwatsun can, Dala suri ne. Nan take na je na yi nafila ta godiya.

Har yau a unguwa Angon Iya ake kirana, na kuma haƙura ina amsawa. An ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ni kuma na ƙara da cewa kwana a gindin Dala ba hawansa ba ne. Yanzu in aka ce a zaɓi dutsen hawa, gwiwoyina nake fara tambaya kafin bakina ya ji labari.