Juma'ar da Na Tashi Ceton Bahago

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tsaya a tsakiyar falon surukina a Dubai, na ci ɗamara da mayafi, ina neman a mayar wa wata uwa ɗanta ba. Uwar ban san ta ba, ɗan ma ban taɓa sa shi a ido ba. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Autata Rabi ce ta haihu, aka yi mini biza na tafi yi mata wankan jego. Suna zaune a Intanashinal Siti, wasu gidajen sama masu kama ɗaya kusa da ƙatuwar kasuwar 'yan Caina. Ɗaki biyu da falo, ba zaure ba tsakar gida. (Wankan ma a bahon roba muka yi shi, da busasshen ganyen darbejiya da na ƙullo tun daga Kano.) Mijinta a Amurka ya yi karatu, Injiniya nake ce masa, don bakina bai saba kama sunan suruki ba. In ya shigo falo sai in shige ɗaki, gaisuwa ma daga bayan ƙofa nake amsawa.

Ni ban yi boko ba, amma na shekara da shekaru ina kiwon raguna a Kurna ina sayarwa da layya. Wadda ta yi gogayya da dillalan kara ba a yi mata rufa-rufa. Ina da ido, ina da kunne, kuma na san muryar mutum in yana maganar abin sayarwa.

Abin da ya fara tsaya mini shi ne, kullum in ya dawo daga sallar asuba ba ya komawa barci. Sai ya zauna ya toshe kunnuwa, ya ƙura wa waya ido, yana motsa baki. Can ya doki cinya, can ya dafe kai kamar an aiko masa da rasuwa. Na tambayi Rabi.

"Umma, ƙwallo ce fa. Ta Amurka, besbol sunanta. In nan asuba ce, su can yanzu suke wasa."

Na ce to. Amma a raina na ce ƙwallo dai na san ta, gidan kallo yana bayan katangata, in an ci har tumakina sai sun firgita. Wace irin ƙwallo ce mutum zai wuni a kanta ba ihu ba tsalle? Kuma na san halin yaran yanzu, mace da sabon jariri a hannu ko mijinta wuta ya haɗiya cewa za ta yi shayi yake sha.

Ran Juma'a bayan masallaci abokansa biyu ke zuwa cin abinci: Musbahu, ɗan Kano mai aikin banki, da Isufu, mutumin Maraɗi. Ina kicin ina dama wa mai jego kunun kanwa, ƙofa a buɗe kaɗan. (Ba laɓe nake yi ba, iska nake sha.) Sai na ji Musbahu yana cewa:

"Ɗan shekara sha tara ne fa. Ka dubi kafaɗa, ka dubi tsawo. Bahago mai irin wannan hannun, a kasuwa yanzu ya fi na-dama biyu."

Isufu ya ce, "Habibi, ku sayar da shi tun yana da daraja. An riga an yanka gwiwar hannunsa, jijiya aka ciro daga wani wuri aka dasa masa. Irin wannan in ya yi muku shekara biyu, khalas."

Sai muryar surukina, wannan mai sunkuyar da kai in ya gan ni: "Bahago ba na sayarwa ba ne. Tun yana ɗan yaro muka ɗauko shi daga ƙauyensu, mu muka raine shi. Tsohon nan dai za mu rabu da shi, ƙafa ta mutu, ba ya iya gudu, sai cin albashi. A ba mu yara biyu a madadinsa."

Ludayi ya suɓuce mini. Jama'a, wannan ai maganar kara ce sak! Shekaru, kafaɗa, ƙafa, a rabu da tsoho a karɓi ƙanana. Haƙori ne kawai ban ji sun duba ba.

Daga nan komai na gani sai ya zama shaida. Da aka kai ni Alkus in duba kayan da zan aika gida ta kago, na ga samari cike da bas, kaya iri ɗaya, fuska a gajiye, na ce ga su nan. Na tuna labaran da ake yi a unguwa, na ejan da ke kwasar yara da sunan aiki a karɓe musu fasfo, wasu ma a ce an cire musu ƙoda. To wanda ya iya ciro jijiya, ƙoda za ta gagare shi? Ga shi in Musbahu zai tafi, sai su tsaya bakin ƙofa, wannan ya taɓa hanci, ya taɓa kunne, ya shafa ƙirji, wancan ya ja hula ya gyaɗa kai, su fashe da dariya. Na ce ruwa ba ya tsami banza, har yaren kurame gare su.

Na daina barcin kirki. Ina kallon jikata ina cewa da wane irin abinci ake ciyar da uwarki? Na yanke shawara: 'yata ba za ta zauna gidan mai fataucin mutane ba, ko da kuwa auren ne zai mutu. Na ɗinke kayanta da na jaririya cikin Gana-mas-go biyu na tura ƙarƙashin gado tana wanka. Sannan na danna waya na yi wa Yaya Asabe saƙon murya mai tsawo, na zayyana mata komai, na rufe da cewa, "Don Allah Yaya kada ki gaya wa kowa." (Wanda ya san Yaya Asabe ya san abin da na aikata.) Na kuma kira Alhaji Ɗanladi, kawun Injiniya, babban ɗan kasuwa mai loda kwantena, na ce ya zo Juma'a akwai maganar da ta fi ƙarfin waya.

Juma'a ta zo. Aka ci aka sha, Alhaji na kan kujera yana jan carbi, yaran na ƙasa kan kafet. Sai na fito. Ni da ban taɓa haɗa ido da surukina ba, na tsaya a kansa.

"Alhaji, a gabanka nake so a yi ta. Ka tambayi ɗanka ina ya kai Bahago."

Injiniya ya zabura ya durƙusa. "Umma, wane Bahago?"

"Kada ka maishe ni yarinya. Wanda kuka ɗauko daga ƙauye, kuka yanke masa hannu kuka dasa jijiya. Da tsohon da ƙafarsa ta mutu. Kai, mai banki, kai ne mai sa farashi. Kai kuma na Maraɗi, kai ne mai cewa a sayar. Yaron nan yana da uwa! Ku mayar mata da ɗanta, ni kuma a ba ni tawa 'yar. Rabi, fito da jakunkunan nan mu tafi."

Falo ya yi tsit. Alhaji ya tsayar da carbi, ya dubi Injiniya da jan ido. "Kai, me nake ji haka?"

Isufu ne ya fara. Wani sauti ya fito masa ta hanci kamar an taka agwagwa, ya kifa kai a kafet, kafaɗunsa na rawa. Musbahu ya cusa hula a baki. Surukina kuwa, bawan Allah, bai yi dariya ba, gumi kawai yake. Ya ce, "Umma, ki yi haƙuri, ki ba ni izini in nuna miki shi."

Ya haɗa wayarsa da talabijin. Sai ga wani fili kore shar, mutane maƙil kamar Arfa. A tsakiya, kan ɗan tudun ƙasa, ga wani ƙato, wuya kamar na bijimi, sarƙar zinare har biyu, yana taunar cingam hankalinsa kwance. Ya ɗaga ƙafa sama ya wurga wata 'yar ƙwallo da hannun hagu, wani mai riƙe da kulki kamar taɓarya ya kai duka ya doki iska. Jama'a suka tashi tsaye.

"Ga Bahago nan, Umma. Jifa ne aikinsa. Ƙungiyar da nake goyon baya ce ta ɗauke shi tun yana yaro."

Na ce, "Amma da kunnena na ji ka ce mu muka raine shi."

"Haka masu goyon baya ke magana, Umma. Wallahi bai ma san ina duniya ba."

"To yaren kuramen fa?"

Musbahu ya zare hula daga baki da ƙyar. "Hajiya, kocinsu muke kwaikwayo. Haka yake gaya wa ɗan wasa ya gudu ko ya tsaya, don kada abokan karawa su gane." Kamar an shirya, sai ga wani dattijo mai tumbi a talabijin yana taɓa hanci yana shafa ƙirji.

Ban saduda ba tukuna, don ni ba a kayar da ni da sauri. Na ce, "Uwarsa fa? Ta san inda yake?"

Injiniya ya ɗan tura hoton gaba. Aka hasko wata mata a sahun gaba, jajir da ita, gilashi a ka, sanye da riga irin ta ɗan, tana tsalle tana jefa masa sumba. Isufu ya ɗago yana share hawaye. "Hajiya, gida ya saya mata mai wurin ninƙaya. In kin ce a mayar mata da shi ƙauye, ita za ta fara kai ki ƙara."

Daidai nan Rabi ta fito daga ɗaki tana jan Gana-mas-go, jaririya a kafaɗa. "Umma, ashe nan kayana suke? Tun shekaranjiya nake neman zannuwana, har na zargi mai wanki!"

Na so ƙasa ta tsage in shige, to a hawa na huɗu muke. Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, tsoron Allah ne ya sa ki." Yana faɗa gemunsa na rawa. Na kwance ɗamara, na ja mayafi na rufe fuska, na koma ɗaki da baya da baya kamar amarya.

Sai da na zauna bakin gado na tuna da Yaya Asabe. Na duba waya, saƙonni sun taru kamar ƙudaje. Dole washegari na kira surukina, ina daga bayan ƙofa, na ce, "Injiniya, na ɓata maka suna a Kano, ka yafe mini." Ya ce, "Umma, babu komai. Da abin gaskiya ne, ai irinki ake so a gida." Shi ya miƙo hannu ta ƙofa ya danna mini wayar, na yi sabon saƙo ina ƙaryata kaina da bakina. Rabi ta mayar da zannuwanta cikin kabad, aure ya zauna daram.

Sai dai saƙon farko jirgi ya hau, na biyu kuwa a ƙasa ya taka. Da na koma Kurna ina zaton za a zo yi mini jaje, sai ga mata suna sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗanta a baya, an yi masa aski an sa masa sabuwar riga. "Hajiya, an ce surukinki yana fitar da yara waje. Don Allah a sa da nawa, yana da ƙarfi."

Tun daga ranar na ɗauki darasi. Zargi dai ban daina ba, a jinina yake. Amma yanzu in na zargi mutum, sai in ba jikana wayata ya ɓoye, har sai zargin ya huce.