Rasuwar A-Fu, Mai Riƙon Amanar Ofishin Penghu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki Yen Chiu-hsia, mai kula da takardun reshenmu na tsibirin Penghu, take sanar da rasuwar A-Fu, baƙin akwatin kwamfutar nan da ya shekara tara a ƙarƙashin teburinta. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi. Ya yi ƙit, ƙit, ƙit sau uku, koriyar fitilarsa ta mutu, ɗakin ya yi tsit irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Kafin zuwan marigayi, wanda zai buɗe zanen gini ɗaya a kwamfuta daga babban ofis na Taipei sai ya dafa shayi, ya sha, ya wanke kofi, zanen bai gama tsallako teku ba. A-Fu ne ya ɗauke mana wannan wahala. Duk takardar da aka taɓa nema sai ya ajiye kwafinta a cikinsa, duk gyaran da aka yi kuma ya aika wa yayansa, babbar na'urar Taipei. Bai taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarsa ita ce hmmm ɗin fankarsa, wanda yake ɗumama mata ƙafa duk hunturu.

Kirkinsa ne ya ɓoye ciwonsa. Guguwar watan jiya ta katse layin intanet, layi ya dawo, amma A-Fu bai koma aika komai ba. Kwana goma sha biyu yana miƙa wa kowa takardarsa cikin sauri kamar kullum, alhali ko harafi bai isa Taipei ba. Ya tafi da aikin kwanakin nan duka a cikinsa.

Chiu-hsia ba ta yafe wa kanta ba. Kowa a nan ya san, idan ana son na'ura ta zauna lafiya, ba a barin ta babu koren ƙunshin ƙwalama a kanta, kuma ba a barin wa'adinsa ya wuce. Na A-Fu ya wuce a makon guguwa, jirgin kaya bai zo ba, a kanti kuma sai ƙunshi ruwan ɗorawa ya rage. Shi ta saya ta ɗora, tana ce wa ranta ai camfi ne. Mai gyara ya faɗa mata ta waya cewa faifan ajiyarsa ne ya tsufa, tun bara ya kamata a canja shi, ta daina ɗora wa ƙwalama laifi. Ta yi masa godiya, ba ta yarda ba.

Marigayi ya bar yayansa a Taipei, wanda bai ko lura da shirun ƙaninsa ba, da wata firinta mai yawan tari, da ma'aikata goma sha ɗaya. Ya kuma bar Kawu Ou Chin-fa, injiniya ɗan shekara sittin da huɗu, wanda ya yi kwanakin nan cikin ruwa har gwiwa yana auna tsagewar katangar teku ta ƙauyensu. Idan awon bai kai gaban hukuma ranar ashirin ga wata ba, gyara sai baɗi, gidaje talatin za su tari iskar arewa a bayan fasasshiyar katanga. Shekara arba'in Kawu yana rubuta awo a ɗan littafinsa. Chiu-hsia ce ta raba shi da littafin, ya koma zuba awonsa a cikin A-Fu, tana tsokanarsa cewa A-Fu ba ya mantuwa irin ta tsofaffi.

Da ta kai masa labari, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki ƙunshin ruwan ɗorawa, ya farke, ya ci ɗaya, ya miƙa mata sauran.

"Nemo takalmin ruwa, 'yata," ya ce. "Teku ba ta jiran mai makoki."

Za a naɗe faifan marigayi a farin tawul a sa shi a jirgin safe zuwa Taipei, ko masana za su ji wasiyyarsa, ko da yake sun ce kada a sa rai. Zaman makoki kuwa a gindin katanga za a yi shi, gobe da ƙarfe shida na safe, lokacin janyewar ruwa, da kowace safiya har ranar sha tara. Ba a buƙatar furanni ko turare. Mai zuwa ya zo da igiyar awo da fensir. Sabon littafin awo kuwa, Chiu-hsia ta riga ta saya, ita za ta riƙe.